Fuskar da Badamasi Bai Sa Wa Suna Ba

Duk wanda ya haura shekara talatin a tsakanin Kura da Bunkure, in dai a nan aka yanke masa cibiya, to Badamasi mai hoto ya taɓa ce masa ya ɗaga haɓa ya daina motsi. Shagonsa yana nan har yau a bakin hanyar Bunkure, kusa da gadar babban kanal ɗin da ke kawo ruwan Tiga gonaki. Ɗaki ɗaya ne mai ƙofar langa-langa, da allo a sama wanda ruwa da rana suka cinye rubutunsa. A da, ranar kasuwa sai an yi layi har bakin gada. Yanzu awakin maƙwabta ne suka gaje barandar, su ma ba don shi suke zuwa ba, don inuwa ne.

A Zariya ya koyi sana'ar, wajen wani Bayarabe da ya sa shi wankin hoto shekara uku kafin ya bar shi ya taɓa kyamara. Ya dawo gida a 1978, daidai lokacin da ruwa ya fara isa gonakinsu da rani, don haka ya faɗo a kan gaɓa. Mutanen da suka saba in an gama girbi su ɗaure tabarma su tafi ci-rani, sai ga su suna tsinkar tumatir a watan Fabrairu, kuma kowa yana son shaida. Manomi zai jera kwanduna goma, ya aro hula, ya tsaya a tsakiya yana cin magani, a ɗauke shi a aika wa ƙanensa da ke dako a Ikko don ya ga abin da yake asara. Daga nan sai suna, sai biki, sai hoton fasfo na masu niyyar Makka. Ya kuma sayi rikoda mai kaset, yana bin gayya yana naɗar gangar noma. In bikin mata ne, matarsa Binta ce take shiga da ita cikin gida ta naɗo kiɗan ƙwarya.

Abu ɗaya ya raba shi da sauran masu hoto: ba ya zubar da nagatif. Kowane fim in ya wanke, sai ya nannaɗe shi a takarda, ya rubuta rana da gari, ya ajiye a adaka. Binta ta yi mita har ta gaji. Ta ce adaka uku an cika su da abin da ko wuta ba zai hura ba, ita kuwa zannuwanta suna cikin buhu. Bai taɓa ba ta amsa ba, don shi kansa a lokacin bai san dalili ba.

Sai wayar hannu ta zo, kowa ya zama mai hoto, har da wanda in ya ɗauke ka sai ka nemi rabin kanka ka rasa. Sai Binta ta rasu, shekara biyar ke nan. 'Ya'yansu mata biyu suna gidajen mazajensu a birni. Gida ya yi wa Badamasi faɗi, shago ya yi masa shiru, amma bai fasa buɗewa ba. Kullum da hantsi zai share baranda, ya kori awaki, ya zauna yana kallon ruwa yana wucewa a kanal. Kaɗaici ya kama shi sosai, ko da yake in ka tambaye shi cewa zai yi lafiya ƙalau.

Autarsa Fa'iza, malamar makaranta ce a Kano, ita ta tsorata da shirun nan. Ta sayo masa kwamfutar tebur ta hannu, da sikana mai karanta nagatif, da faranti ɗaya na sola da batir, ta ce ya mayar da kayan adakar nan cikin kwamfuta kafin gara ta riga shi. Mai sayarwar ya zuba masa wata manhajar shirya hotuna. Ta yi wata ɗaya tana aiki lafiya, sannan ta kulle, ta ce sai an kawo lasisi. Badamasi ya rufe ta da zanen Binta ya koma kallon ruwa.

Malam Taufiq ne ya buɗe zanen. Ma'aikaci ne a tashar binciken noma ta Kadawa, ya zo neman tsohon hoton ginin tashar. Da ya ji labari sai ya koma da babur ɗinsa, ya dawo da filas, ya sa masa manhaja biyu. Ta hotuna sunanta Dijikam, kuma da ita shi Taufiq yake jera hotunan ganyen tumatir masu cuta. Ta sauti kuwa tana da tambarin ɓarin lemo, don haka Badamasi ya raɗa mata 'Yar Lemo, kuma bai taɓa damuwa da sanin sunanta na yanka ba. Abin da ya fara tambaya shi ne ko na sata ne, don ba ya son ya tsufa da kayan sata a shago. Taufiq ya ce ba na sata ba ne, kuma ba za su kulle ba. Mutane ne a ƙasashe daban-daban suka haɗu suka gina su, suka bar su a buɗe, kowa ya ɗauka kyauta, wanda ya iya kuma ya ƙara gyara.

"Ashe gayya ce," in ji Badamasi. Daga ranar ya yarda da su.

Shekara biyu ya yi yana cusa nagatif a sikana. Aikinsa daga hantsi ne zuwa la'asar, don da rana ta karkata batir yake fara ƙorafi. Kaset ɗin kuwa Taufiq ya nuna masa yadda zai haɗa rikoda da kwamfuta da wata 'yar waya, ya naɗe su ɗaya bayan ɗaya, ya cike wa 'Yar Lemo guraben da take so: wa ya yi kiɗan, a ina, wace shekara. Da aka gama wannan, sai Dijikam ta bi hotunan duka ta tsinto fuskokin da ke ciki, ta yanko su ƙanana-ƙanana, ta tara a wani rukuni na waɗanda ba a sani ba. Fuska dubu talatin da wani abu. A ƙarƙashin kowace akwai ɗan gurbi fari, yana jiran suna.

A nan Badamasi ya gane dalilin adakar nan. Ya san su. Ya san sunan mutum da na ubansa da gonar da yake nomawa da wanda suka yi rigimar ruwa da shi. Masu suna Isiyaku kaɗai ya samu arba'in da ɗaya, sai da ya bi su da laƙabi: Isiyaku mai albasa, Isiyaku na Kadawa, Isiyaku ba-ka-dariya. In ya sa wa mutum suna sau biyar ko shida, sai manhajar ta koya, ta fara kawo masa sauran hotunan mutumin tana tambaya ko shi ne. Wani lokaci takan ɗauki ɗa ta ce uba ne, sai Badamasi ya yi mata faɗa a fili, ya ce ina ta taɓa ganin Dattijo mai injin ban-ruwa da haƙora cikakku. Sau da yawa wannan faɗan shi ne duk maganar da zai yi a yini, ban da sallah da gaisuwa.

Jefi-jefi wani yakan zo neman hoton mahaifinsa da ya rasu. Badamasi zai rubuta sunan da yatsa ɗaya, sai ga mutumin ya fito sau ashirin, daga saurayi har ya tsufa. Mai nema zai yi salati, ya share ido, a tura masa a waya, ya yi godiya ya hau babur. Babu mai zama a sha shayi. Kowa yana da ruwan da zai tare a gona kafin maƙwabcinsa ya karkatar.

Sai ido ya fara. Likita a Kano ya ce hawan jinin ido ne, na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma magani zai rage masa gudu ne kawai. Gefe-gefe ya fara duhu, har ya zama kamar mai leƙe ta bututun ban-ruwa. Badamasi bai gaya wa Fa'iza duka ba. Ya dai ƙara girman rubutu a kwamfuta, ya matso da kujera, ya daina ɓata hantsi wajen kallon kanal. Ya san duk fuskar da bai sa wa suna ba kafin ɗayan idon ya rufe, ta zama baƙuwa ke nan har abada, don babu wani mai rai da zai iya.

A damanar bara rukunin waɗanda ba a sani ba ya sauko zuwa ɗari shida da 'yan kai, ya tsaya a nan. Kusan ɗari biyu baƙi ne na gaskiya: Turawan da suka haƙa kanal, direbobin manyan motoci, masu wucewa da suka faɗo cikin hoto. Sauran ɗari huɗu da goma sha bakwai kuwa fuskar mutum ɗaya ce.

Mu da ba mu haife shi ba muna iya faɗa: sunansa Lukmanu, ɗan farin Badamasi. Shi Badamasi bai taɓa furta wannan suna ba tun ranar da liman ya raɗa shi. Kunyar ɗan fari ba baƙon abu ba ce a ƙauyukan nan, amma tasa ta yi yawa, don mahaifiyar shi Badamasin Bafulatana ce daga rugar bayan Kadawa, sai kunyar Hausa da ta Fulani suka haɗu masa a ka. Bai taɓa ɗaukar yaron a gaban mutane ba, bai taɓa yabonsa ba, bai taɓa kiransa da abin da ya wuce "kai" ba. In shi da Binta za su yi zancensa, "shi" kawai suke cewa, kuma ba su taɓa rikicewa ba.

To yaya aka yi hoto ɗari huɗu? A aikin fim, hoton farko ba abin dogaro ba ne, don haske yakan taɓa kan fim ɗin lokacin da ake ɗura shi. Masu hoto sukan ɗauki bango ko ƙasa da shi, su wuce. Badamasi kuwa sai ya ce, "Kai, tsaya can in gwada." Tun yaron yana kwance a tabarma ake gwaji da shi, har ya yi rarrafe, ya shiga makaranta, ya yi gemu. Babu wanda zai ce uba ya ɗauki hoton ɗan farinsa, ai gwaji ne. Kuma ko ɗaya bai taɓa wankewa a takarda ba, don wankewa nunawa ce. Binta dai ta gane. Duk ranar da ta ga ya sayo sabon fim, sai ka ga an sa wa yaro riga mai tsabta, ita ma ba ta ce komai ba.

Lukmanu ya rasu a 2003, yana da shekara ashirin da huɗu. Ya bi motar tumatir zuwa Ikko, motar ta faɗi a hanya, a can aka binne shi. Badamasi ya zauna karɓar gaisuwa ido a bushe. Rana ta uku da yamma ya ɗauki kyamara ya tafi wani suna da ya riga ya yi wa alkawari, don ƙirjinsa ya kasa ɗaukar zaman. Matar mamacin, Hawwa, 'yar birnin Kaduna ce, ta ga fitarsa ta taga, kuma ba ta yafe ba. Da ta fita takaba ta ɗauki jaririyarta Nafisat ta koma gida, zumunci ya koma na saƙon gaisuwa a bakin mutane.

Don haka kullum da hantsi, in Badamasi ya kunna kwamfuta, fuskar Lukmanu ce take fara tararsa, da ɗan gurbin nan fari a ƙasa. Sai ya dube ta iya son ransa, ya wuce zuwa aikin wasu. Yana gaya wa kansa cewa rubutu ma ai kira ne. Gaskiyar kuwa, yana son tambayar. Tun rasuwar Binta babu wanda zai ce wa "shi" ya gane, kwamfutar nan ce kaɗai take tayar masa da zancen kowace safiya.

Wata Laraba da rani, ana tsakiyar kwasar tumatir, wata matashiya ta yi sallama a ƙofar shago da goyo a baya. Bai ga fuskarta sosai ba sai da ta shigo tsakiyar abin da idonsa ke iya kamawa. Da ya gani kuwa bai buƙaci a gaya masa ba, goshin da girar duk na gidan ne. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce ita ce Nafisat. Ya yi ƙoƙarin wasan jika, ya ce ashe amaryarsa ta bar shi ta auri wani, amma muryarsa ba ta fita daidai ba, ita ma murmushin ladabi kawai ta yi. Ta kwance goyon, namiji ne ɗan wata takwas. Ta ce sunan babanta aka mayar masa, suna kiransa Abba.

Ta sha ruwa, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Ba ta taɓa ganin fuskar mahaifinta ba. Hoton aure ɗaya da ummanta take da shi ya ɓace a tashin gida tun tana ƙarama. Yanzu kowa yana cewa yaron nan kamarsa ɗaya da mai sunansa, ita kuwa sai dai ta gyaɗa kai. Goggo Fa'iza ta gaya mata a waya cewa duk mutanen yankin nan suna cikin kwamfutar Baba Tsoho, suna kawai ake rubutawa.

Kafin ya samu abin cewa ta ja kujera. Ma'aikaciyar jinya ce, kwamfuta ba baƙuwarta ba ce. Ta rubuta sunan da sauri, irin na wadda ta saba rubuta shi a bayan nata tun tana firamare. Mutum uku suka fito: Lukmanu Isiyaku mai albasa, Lukmanu na Dattijo, Lukmanu tela na Garun Malam. Ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya tana duban fuskar ɗanta, tana duban allon. Ta goge ta sake rubutawa da wani salon, ko an yi kuskuren harafi. Ba abin da ya ƙaru.

"Baba Tsoho, ko ɗaya babu?"

Rukunin yana nan a gefen allon, taɓawa ɗaya ce. Badamasi ya buɗe baki, sai kunyar shekara arba'in da biyar ta tare shi. Ta yaya zai ce wa 'yar da yaron ya haifa ga shi nan sau ɗari huɗu, na ɓoye? Ya juya kai wajen ƙofa, ya ce ruwan kanal ya ja baya yau.

Nafisat ta janye hannu daga kwamfutar. Ba ta yi rashin kunya ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ce ba komai, dama Umma ta ce kada ta sa rai. Ta ce ta ga har tela yana da hoto goma sha ɗaya. Ta goya ɗanta, ta ce a Kura za ta kwana gidan wata ƙawar ummanta, gobe bayan azahar za ta hau motar Kaduna. Ta yi masa addu'ar ƙarin lafiya, ta fita.

Ya zauna har batir ya yi ƙara ya ɗauke. Abin da ya dame shi ba zargin da za a yi masa ba ne, ya saba da wannan tun 2003. Abin da ya gani shi ne ranar da idonsa zai rufe, Fa'iza ko wani ya zo ya buɗe kwamfutar, ya tarar da Isiyaku arba'in da ɗaya kowa da sunansa, ɗansa kuwa yana cikin direbobi da masu wucewa. Ya sa wa duk yankin suna, ya bar nasa a cikin baƙi. Kuma yarinyar nan za ta gaya wa Abba abin da ta gani da idonta, shi ma ya gaya wa nasa.

Washegari tun rana ba ta gama hawa farantin sola ba yana zaune a gaban allo. Ya buɗe rukunin. Hoton da ya fara zuwa na 1986 ne, yaron yana da shekara bakwai, ba haƙoran gaba, ya ƙame kamar soja. Badamasi ya kai kibiya kan gurbin, ya danna. Ya nemi harafin farko da yatsa, ya same shi, ya daɗe a kansa kafin ya taɓa. Sauran suka biyo a hankali. Da ya gama sai manhajar ta jero masa Lukmanu ukun nan, ko ɗaya daga cikinsu yake nufi. Dokar da ya kafa wa kansa ita ce kowane suna sai da na uba ko laƙabi, don kada a rikice. Sai ya bar tazara, ya rubuta Badamasi. Bai taɓa ganin sunayen nan biyu a jere da rubutun hannunsa ba. Hawayen da bai zo ba a zaman makoki sai ya zo yanzu, har ta idon da ya mutu, ya bar shi ya zuba don ba kowa a shagon.

Sauran aikin bai yi wuya ba. Duk hotunan lamba ɗaya ne a kowane fim, ya bi su yana zaɓa yana tabbatarwa. Sannan ya buɗe 'Yar Lemo. Ita tana ƙirga sau nawa aka saurari kowane abu, kuma wanda ke kan gaba da nisa shi ne gangar noma ta gonar Isiyaku mai albasa, 1998. Ba don gangar yake kunna ta ba. Kafin a fara kiɗa akwai 'yan daƙiƙu da aka yi gwajin rikoda, saurayi yana cewa, "Baba, ta fara ɗauka? In yi magana?" sai ya yi dariya. Gurbin sunan mai muryar ya daɗe a wofi. Ya cike shi, ya kwashe komai ya zuba a memori, ya sa a ambulan, ya rubuta sunan a baya da manyan baƙaƙe.

Ɗan acaɓa ya sauke shi a tashar Kura ana kiran sallar azahar. Hayaniyar ta rikita shi, motocin tumatir da kwanduna ta ko'ina, shi kuwa abin da ke gabansa kawai yake gani. Nafisat ce ta hango shi yana juya kai a hankali, ta taso daga benci. Ya miƙa mata ambulan. Ta karanta bayanta, ta sake karantawa, ta dube shi.

Ta cire ɗan kunnenta ta buɗe gefen waya da shi, ta sa memorin. Hotunan a jere suke bisa shekara. Jariri a tabarma, yaro da allo, yaro a kan keke da ya fi ƙarfinsa, saurayi da ƙafa duk taɓon shinkafa. A mafi yawansu gefe ɗaya ya ɗan ƙone da haske. Tana ja da yatsa, mahaifinta yana girma a hannunta. Na ƙarshe an ɗauke shi mako ɗaya kafin tafiyar Ikko: yana tsaye a ƙofar shago, yana riƙe da jaririya a kafaɗa, ya juyo da fuskarta wajen kyamara.

"Wannan ni ce?"

"Ke ce. Ya shigo da ke ina ɗura fim."

"Duk kai ka ɗauka?"

"Gwaji ne," in ji Badamasi. Sai kuma ya ce, "Ba gwaji ba ne."

Ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa, Abba yana jan ɗankwalinta ta baya. Ya gaya mata akwai sauti ɗaya a ciki, kada ta kunna a mota, ta bari sai ta isa gida ta zauna. Kwandasta ya fara buga jikin mota yana kiran saura mutum ɗaya. Ta ce za ta dawo da ƙaramar sallah ta kwana biyu, ya ce Allah Ya kai mu, kuma dukansu sun san yadda aikin asibiti yake. Kafin ta shiga ta juya masa baya don ya ga yaron da kyau. Ya matso da idonsa na dama daf da fuskar, ya daɗe yana kallo, ya ce masu faɗa ba su yi ƙarya ba.

Ranar Juma'a da hantsi ya share baranda, ya kori awaki, ya kunna kwamfuta. Rukunin waɗanda ba a sani ba ya buɗe kamar kullum. Wani Bature ne da hular kwano ya tare shi, sai wani direba, sai wata mai tallan gyaɗa da ta waiwayo cikin hoton wasu. Ya bi su har ƙasa. Sai a lokacin ya gane abin da ya yi: fuskar ta bar nan, ta koma cikin jerin sunaye dubu da wani abu, waɗanda rubutunsu ya yi wa idonsa ƙanana. Babu mai sake tambayarsa wane ne wannan. Daga yau in yana son ganinsa, sai ya kira shi.

Ya zauna jim kaɗan yana jin ƙarar ruwa a ƙarƙashin gada. Sannan ya jawo allon rubutu, ya nemi harafin farko da yatsa. Yana taɓawa yana faɗa a fili, a hankali, yadda mai koyon karatu yake yi, har ya kai ƙarshen sunan.